Layin Uwa Ko Layin Uba: Wane Gwaji Za Ka Zaɓa?

Mai son bin diddigin asalinsa ta gwajin DNA yakan tsaya tsakanin hanyoyi biyu. Ta farko ita ce DNA ta mitokondiriya (ƙananan sassan da ke samar da kuzari a cikin ƙwayoyin halittar jiki), wadda ɗa da 'ya duk suke gada daga uwa, amma mace kaɗai ke miƙa ta ga 'ya'yanta. Kowa na iya yin wannan gwaji. Da wannan DNA ce masaniyar kimiyyar gado Rebecca Cann da abokan aikinta suka nuna a 1987 cewa layin uwa na dukkan 'yan Adam ya komo Afirka.

Ta biyu ita ce kuromosom Y, wani ƙunshin DNA da ke gadon uba ga ɗansa. Mace ba ta da shi, sai ta nemi mahaifinta, wanta ko baffanta ya ba da miyau. Wannan ya fi jan hankalina, domin da sunan uba muke ƙirga zuriya, kuma wani reshe na layin uba mai suna R1b-V88 ya yi yawa tsakanin masu harsunan Cadi, dangin Hausa, musamman a tsaunukan Mandara da ke kan iyakar Najeriya da Kamaru.

Rauninsu ɗaya ne. Ka koma baya zuriya goma, gurbin kakanninka 1,024 ne, kowane gwaji kuwa labarin mutum ɗaya kacal zai ba ka.