Mai tallan magani a kasuwa ko malamin dabbobi: amsa ga tambayar Hajiya

Hajiya ta yi tambaya a ƙungiyarmu ta masu kiwo. Tana da 'yan awaki da kaji a wani ƙauye ta wajen Darazo, kuma ta saba sayen magani ranar kasuwa wurin mai baza kwalabe a kan tabarma. Yanzu matan unguwarsu sun ce a haɗa kuɗi a riƙa kiran malamin dabbobi. Wanne ya fi mata?

Hajiya, amsata ita ce ku haɗa kuɗin. Amma bari in ajiye miki su biyun gefe da gefe, don ki ga dalili da idonki.

Ta fuskar kusa, mai tabarma ya ci. Ba a jayayya a nan. Duk kasuwar da za ta ci, ko Darazo ce, ko Soro, ko Alkaleri, yana nan, yana sayar da ƙwaya ɗaya ɗaya, wani lokaci har bashi yake bayarwa. Malamin dabbobi kuwa sau da yawa yana hedikwatar ƙaramar hukuma, sai an kira shi, sai an sa masa mai a babur. Matar da akuyarta ta kwanta da daddare ba ta da laifi idan ta nufi wanda ke kusa. Wannan rashin kusa shi ne ainihin matsalar ƙaramin makiyayi, kuma shi ne ke raya kasuwar mai tabarma.

Ta fuskar sanin ciwo kuwa, nan suka rabu. Mai tabarma bai ga dabbar ba. Ke ce za ki ce masa tana zawo, shi kuma ya miƙo allurar nan mai ruwan ɗorawa da ake kira LA. To zawon akuya iri iri ne. Akwai na tsutsar ciki, wanda maganin tsutsa ke tsayarwa. Akwai na ɗanyar ciyawa a farkon damina. Akwai kuma annobar nan ta awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR, mai zuwa da zazzaɓi, majina, kwantsa, gyambo a baki da zawo mai wari. Ita PPR ƙwayar bairos ce, LA ba ta kashe ta, iyakarta ta rage ciwukan da ke biyo baya. Malamin dabbobi zai sa ma'aunin zafi, ya buɗe baki, ya ja fatar ido ya duba ko jini ya yi ƙasa, sannan ya kimanta nauyin dabbar kafin ya auna magani.

Wannan batu na nauyi ba ƙarami ba ne. Idan ana ba da maganin tsutsa ƙasa da ƙima, tsutsar da ta tsira sai ta saba da shi, watarana ki ba da cikakke ma ya ƙi aiki. Kuma akwai abin da mai tabarma ba ya faɗa: albendazol ba a ba akuya a farkon ciki, don yana iya lalata ɗan. Haka bayan allurar LA akwai kwanakin da ba a shan nonon dabbar ko cin namanta, an rubuta su a jikin kwalba. Gidan da yara ke shan nonon akuya ya kamata a san wannan.

Sai ingancin kayan. Duk maganin dabbobi na halak yana ɗauke da lambar NAFDAC da ranar da zai lalace. A shagon magungunan dabbobi mai rajista za ki ga kwalin, kuma idan abu ya ɓaci kin san ƙofar da za ki koma. A kan tabarma kuwa kwalba na shan rana tun hantsi har la'asar, wata an goge kwanan watanta, wani ruwan ma an ɗura shi ne a wata kwalbar daban. Ba duk masu talla ne maha'inta ba, da yawansu su ma haka aka sayar musu. Amma rana ba ruwanta da niyyar mutum.

Inda na fi so ki tsaya shi ne rigakafi, don a nan ne babu ma gasa tsakaninsu. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin rigakafin PPR, da na ciwon huhu na shanu, da na harbin daji, da na cutar Niyukasal mai share kaji lokacin hunturu. Daga Bauchi zuwa Vom ba wata tafiya ba ce. Amma rigakafi abu ne mai son sanyi, daga firji zuwa kula mai ƙanƙara har zuwa jikin dabba. Da zarar an dama shi, sa'o'i kaɗan gare shi. Duk wanda ya ciro miki kwalbar rigakafi daga aljihu, ruwa kawai za ki saya. Ko nau'in I-2 na kaji, wanda ake ɗigawa a ido kuma ya fi jure zafi, shi ma ba a barinsa a rana, kuma ana maimaita shi duk wata uku zuwa huɗu.

Ga kuma abin da ke hana irinki samunsa: kwalbar rigakafi guda ta dabbobi masu yawa ce, ba ta awaki biyar ko shida ba. Ke kaɗai ba za ki iya ƙarar da ita ba, malamin ma ba zai fasa kwalba don gida ɗaya ba. Amma idan gida goma ko ashirin suka tara awakinsu a ƙofar mai unguwa da sassafe, kuɗin kwalba da man babur sai su rabu, kowa ya biya kaɗan. Kuma allurar PPR guda tana kare dabba aƙalla shekara uku. Hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke son kawar da cutar, kamar yadda aka kawar da cutar bushiya ta shanu a 2011, kuma da irin wannan allurar ta gida gida aka yi waccan nasara.

Maganar farashi gajeriya ce. Na kasuwa ya fi arha a ranar da aka saya, amma araha ba ta ado, kuma ki lissafa har da kuɗin akuyar da ta mutu bayan an yi mata allura uku ba a san ciwonta ba.

Ban ce ki yi gaba da mai tabarma ba. Gishirin lasa, da maganin kaska, da ƙwayar tsutsa da ke cikin ledarta a rufe, mai lamba da kwanan wata, za ki iya saya wurinsa idan malamin ya riga ya nuna miki ƙimar. Allura da rigakafi kuwa ku bar wa mai horo.

Ku fara da zuwa ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukuma ku tambayi lokacin rigakafin gwamnati, don wani zubin kyauta ake yi. Ku zaɓi mace ɗaya ta riƙe littafi, a rubuta awakin kowa da ranar allura. Kajin kuma a ɗiga musu nasu tun kaka, kafin iskar hunturu ta taso.