Gargaɗi ga masu neman tsohuwar Land Cruiser 80: a duba ƙarfe kafin a duba takarda

Akwai dillalan da ke tallar Land Cruiser 80 a Facebook da WhatsApp da kalmomi iri ɗaya: "tokumbo ce, hannu ɗaya, injinta na asali, ba a taɓa ta ba." Toyota ta ƙera wannan samfuri ne a Japan daga 1990 zuwa 1997, don haka motar da ta kusa ko ta haura shekara talatin a hanya da wuya a ce ba a taɓa ta ba. Gyara ba laifi ba ne. Laifin shi ne a ɓoye shi a karɓi kuɗin wadda ba a gyara ba, ko kuma a lulluɓe motar sata da lambar wata.

Abin da suka fi yi shi ne sauya farantin kamfani, wato ɗan ƙarfen da ke ɗauke da lambar shasi da ta samfurin motar. Ana ciro shi daga motar da ta yi haɗari, a manna wa wata, sannan a haɗa da takardun mai haɗarin. Shi ya sa farantin da ke cikin bonet bai isa shaida ba. A juya sitiyari, a haska tocila ta bayan tayar gaba ta dama, a goge shasi da tsumma da ɗan kananzir: lambar shasi na nan a buge a jikin ƙarfen. Dole ta zo daidai da ta faranti da ta takardar kwastam, harafi da harafi. In wurin ya yi sumul fiye da kewayensa, ko akwai sawun gurza, ko sabon baƙin fenti a nan kaɗai, ko layin walda ya kewaye lambar, to an taɓa. A dubi ƙusoshin farantin ma. In sun fi farantin ƙyalli, an cire an mayar. Kuma lambar shasi ta gaskiya mai gurbi 17 ba ta ɗauke da harafin I ko O ko Q.

Shi kansa farantin yana tona asiri ga wanda ya iya karanta shi. FZJ80 na nufin injin fetur 1FZ, HZJ80 injin dizal 1HZ marar turbo, HDJ80 kuma dizal mai turbo tun daga kamfani. Nan ake cin mutane sosai: a ɗaura wa 1HZ turbo a kasuwa, a sayar da ita a farashin HDJ80. Fistin ɗin 1HZ ba a yi su don wannan zafi ba, kuma in aka ƙara wa famfon dizal mai, hanyar rairayi da lodi ta isa ta tsaga fistin ko kan injin. Haka in aka ce daga Amurka ta zo alhali tana shan dizal, an sauya injin, domin masu fetur kawai Toyota ta sayar a can.

Sai harafin da ke bin lambar samfuri. L sitiyarin hagu ne, R na dama. In faranti ya ce R, ko ya ce HDJ81V wadda ta kasuwar Japan ce, amma ga sitiyari a hagu, to sauya masa gefe aka yi. Wannan ya fi komai damunmu, saboda rai ne a ciki. A leƙa inda akwatin sitiyari ya zauna a kan shasi: ramukan da aka huda da hannu, ƙarfen da aka ƙara da walda, bututun burki da aka yi wa jona. Irin wannan walda a kan gargada take tsagewa, sitiyari ya saki a cikin gudu.

Mitar kilomita kuwa ba abin dogaro ba ce, juya ta aikin ɗan lokaci ne. Robar feda da kujerar direba sun fi ta faɗin gaskiya.

Takardu ba a tantance su a waya. A ɗauki lambar shigar kaya da ke kan takardar kwastam a kai ofishin Kwastam da kai, a tabbatar wannan shasin aka biya wa fito. In motar ta taɓa yin rajista, a nemi takardar sauya mallaka ta kowane hannu da ta bi, kuma sunan ƙarshe ya zama na wanda zai karɓi kuɗin, da katin shaidarsa a hannu. Dillalin da ya ce mai motar ya yi tafiya, ko ya hana bakanikenka shiga ƙarƙashi, ko ya matsa a tura kafin alƙalami wai wani na hanya da kuɗi, kada a tura masa ko kwabo.