Kwalaben inabi marasa barasa a shagunan rahusa na Jamus: wanne ya ci kuɗinsa?

A Jamus, giyar inabi ba kayan masu hannu da shuni ba ce. Shagunan rahusa irin su Aldi, Lidl, Penny da Netto suna cikin manyan masu sayar da ita a ƙasar, kuma a ƙarshen kantar, ko a wani lungu kusa da ita, akwai 'yan kwalaben da aka rubuta wa alkoholfrei, wato marasa barasa. Su ne na ɗanɗana, mai kumfa da fari da ja, duk a kan farashin da bai wuce Yuro 2 zuwa 4 ba a kwalbar mililita 750. Hukuncina a taƙaice: mai kumfa ya ci kuɗinsa, fari sai an yi zaɓe, ja kuwa gara a bar shi a kanta. Amma kafin maganar ɗanɗano akwai abin da ya fi shi muhimmanci, domin kama da wane ba ta wane.

Abu uku ne ke zaune a jere cikin kwalabe masu siffa ɗaya, da takardar zinare a wuya iri ɗaya. Na farko giya ce sosai, barasarta kashi 11 zuwa 14 cikin ɗari. Na biyu shi ne wanda aka rubuta wa entalkoholisierter Wein: an bar inabi ya ruɓa ya zama giya cikakkiya, sannan aka cire barasar da inji. Na uku Traubensaft ne ko Traubensecco, ruwan inabi da ba a bari ya zama giya ba, wani an ɗura masa iskar gas don ya yi kumfa. Wannan na ukun shi ne ɗan'uwan kwalaben da ake jerawa a teburin amarya da ango a Kano ko Kaduna. Wanda ya saba da waɗancan, ya ɗauki na biyu yana zaton abu ɗaya ne, zai sha mamaki tun daga ƙamshi.

Dokar Tarayyar Turai ta 2021 ta ce ana kiran giya wadda aka cire wa barasa idan abin da ya rage bai wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba. Ke nan alkoholfrei ba ya nufin babu ko ɗigo. Lissafin mai sauƙi ne: kashi 0.5 na mililita 750 shi ne mililita 3.75, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, alhali giya mai kashi 12 tana ɗauke da mililita 90. Wanda ba ya son ko wannan ragowar sai ya nemi kwalbar da aka buga wa 0,0 a gaba (Jamusawa da waƙafi suke raba lamba, ba da ɗigo ba). Ga Musulmi kuma maganar ba ta tsaya kan lamba ba. Wasu hukumomin tantance halal ba sa amincewa da abin da asalinsa giya ne ko da an tatse barasar ƙarƙaf, wasu kuma suna duban abin da ya rage ne kawai. Wannan fatawa ce ta malamai, ba ta mai sharhi ba, sai dai ya kamata mutum ya san ainihin abin da zai tambaya a kai. Akwai kuma batun tacewa: ana amfani da jelatin, wanda sau da yawa na alade ne, ko farin ƙwai ko sinadarin madara don share gurɓin giya da na ruwan 'ya'yan itace. Doka ta tilasta a ambaci ƙwai da madara idan sun rage a ciki, saboda masu borin jini, amma ba ta tilasta ambaton jelatin ɗin tacewa ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a nemi tambarin vegan, wato babu sinadarin dabba, a bayan kwalba.

Arahar ba siddabaru ba ce. Aldi, wanda 'yan'uwa biyu Karl da Theo Albrecht suka gina daga shagon mahaifiyarsu a Essen, da Lidl mai hedkwata a Neckarsulm, tsarinsu ɗaya ne: kaya kaɗan, saye da yawa, a ajiye a kwali yadda ya zo. Giyar ba ta zuwa a kwalba daga gona. Daga Sifaniya da Italiya tankokin mota ne ke kawo ta, daga Afirka ta Kudu ko Ostireliya kuma cikin wata ƙatuwar jakar roba mai cin lita 24,000 da ake shimfiɗawa a cikin kwantena. Manyan masana'antu, da dama a yankin kogin Mosel da Rhein, su ke haɗawa, su cire barasa, su zuba a kwalba. Shi ya sa a bayan kwalba za ka ga kalmar Abfüller, mai ɗurawa, wani lokaci da lambobi kawai a maimakon suna. Idan kuma an rubuta cewa daga Tarayyar Turai take ba tare da sunan ƙasa ɗaya ba, gauraye ne na ƙasashe daban-daban. Ba aibi ba ne, amma kada ka sa ran ɗanɗanon bana zai yi daidai da na baɗi.

Abin da ke sa wani ya yi daɗi wani ya lalace yana cikin yadda ake cire barasar. Barasa tana tafasa a digiri 78. Idan aka dafa giya har can, ƙamshinta ya tafi, sai ta koma kamar dafaffen zoɓo da ya kwana. Don haka ake zuƙe iskar tukunyar, sai barasar ta tashi a wajen digiri 30. Dabarar tsohuwa ce, gidan Carl Jung na yankin Rheingau ya fara aiki da ita tun farkon ƙarni na 20. Duk da haka ana asara. Barasa ce ke ba giya kauri da ɗan ɗumi a maƙogwaro, kuma ita ce ke ɗauko ƙamshi zuwa hanci. Da ta fita sai tsami ya fito fili, ruwan ya yi tsararo. Masana'anta sai ta cike gurbin da zaƙi, galibi da kakkauran ruwan inabi.

A nan mai kumfa ya tsira. Iskar gas tana tsikarar harshe, ta maye wani ɓangare na aikin barasa, sanyi kuma ya danne zaƙin. Waɗanda na fi yabawa su ne farare da masu launin hoda, idan an sanyaya su zuwa digiri 6 ko 8, wato awa uku zuwa huɗu a firji. Suna tafiya da soyayyen abu da mai yaji, sambusa ko gasasshen nama, don tsamin yana wanke maiƙo a baki. Rauninsu ɗaya: kumfar ɗurawa aka yi, manya-manya ce kamar ta lemon kwalba, kuma cikin minti goma zuwa sha biyar a kofi ta kwanta. A zuba rabin kofi, a karkace, a riƙa ƙarawa. Wani abin dariya, giya mai kumfa ta ainihi tana biyan harajin Yuro 1.02 a kowace kwalba, harajin da aka ƙirƙiro a 1902 don gina jiragen ruwan yaƙin sarkin Jamus, har yau kuma ana karɓarsa. Marar barasa ba ta biyansa, amma farashinsu kusan ɗaya ne, saboda kuɗin aikin injin da kuma ruwan da ya ragu.

Fari marar kumfa ya danganta da irin inabin. Wanda aka rubuta masa Riesling, Sauvignon Blanc ko Muskat yana da ƙamshi mai ƙarfi tun asali, ko an yi asarar wani abu akwai saura. Wanda aka rubuta masa fari kawai, ba sunan inabi, sau da yawa lami ne, ruwa da tsami da sukari.

Ja ne matsalar, kuma ba ta shagunan rahusa kaɗai ba ce, ko mai tsada yana fama da ita. Jan inabi yana da bauri daga ɓawo da ƙwallo, irin wanda goro ke bari a harshe. A giya ta ainihi barasa ce ke lulluɓe wannan baurin. Idan babu ita, sai a sami bauri a gefe, zaƙi a gefe, ba sa haɗuwa. Sanyaya shi zuwa digiri 12 yana rage abin, dafa shi da kirfa da kanumfari da ɓawon lemo a lokacin hunturu ya fi rufa masa asiri, amma a sha shi haka kawai, Merlot ne ko Cabernet, ban ga ribar ba.

Kada a dogara da kalmar trocken, wadda ke nufin marar zaƙi. Ko a giya mai kumfa ta ainihi, trocken yana nufin giram 17 zuwa 32 na sukari a lita. A juya kwalba a duba layin davon Zucker, inda ake rubuta yawan sukari. A waɗanda aka cire wa barasa yawanci za a ga giram 3 zuwa 5 a mililita 100. Giram 4 ya zama giram 30 a kwalba, ƙaramin cokali bakwai da ɗoriya. Ruwan inabi zalla yana kaiwa giram 15 zuwa 17, wato ya zarce Coca-Cola mai giram 10.6. Mai ciwon sukari ya kula da wannan, haka ma mai zuba wa yara. Idan ruwan inabin aka zaɓa, a sirka shi rabi da rabi da ruwa mai gas kamar yadda Jamusawa ke yi, su kira shi Schorle. Ya fi kashe ƙishi, kwalba ɗaya kuma ta zama biyu.

Ajiya ce inda aka fi yin ɓarna. Barasa tana kare giya daga ƙwayoyin cuta, ga shi an cire ta an bar sukari. Don haka waɗannan kwalabe suna da ranar ƙarewa, a nemi mindestens haltbar bis, a kuma ɗauki mai nisan kwana daga bayan kanta. Ba irin wadda ake ajiyewa ta tsufa ba ce. Da an buɗe, firji, a shanye cikin kwana biyu zuwa uku. Idan aka bar ta a ɗaki mai ɗumi, yis na iska zai iya kama sukarin ya fara ruɓar da shi, ka ga barasar da aka gudu ta dawo ta bayan gida. Alamun hakan su ne ruwan ya yi gurɓi, ko marar kumfa ya fitar da iska idan an buɗe, ko warin tsami kamar na kunun da ya wuce lokaci. Mai asma kuma ya lura da enthält Sulfite, sinadarin da ake sawa don hana lalacewa.

Wajen saye, a kwatanta farashin lita da aka rubuta da ƙananan haruffa a jikin kanta, don akwai ƙananan kwalabe na mililita 200 da suke fin tsada idan aka lissafa. An fi samun zaɓi kafin Kirsimeti da cikin Janairu, lokacin da mutane da yawa ke hutawa daga shan giya, kuma kayan garaɓasar mako idan sun ƙare ba lallai su dawo ba. Mai shirin biki ya sayi kwalba ɗaya ya ɗanɗana tukuna, sannan ya koma ya ɗauki kwali mai shida. Kwalba ɗaya tana ba da kofi shida na mililita 125, don haka baƙi talatin da kowa zai sha kofi biyu suna buƙatar kwalba goma. A kammala sayayya ranar Asabar, domin shagunan a rufe suke ranar Lahadi.