Hilux biyu: wadda aka ɗaga da wadda aka bari yadda kamfani ya ƙera ta

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, tun jiya da daddare na ga tambayarka, na bari sai da na samu natsuwa, don amsar ta fi ƙarfin layi biyu. Ka ce Hilux biyu aka kawo maka, kowacce mai ƙofa huɗu da injin fetur mai lita 2.7, kusan sa'annin juna. Ta farko fara ce fat, ba a ƙara mata komai ba, wata ƙungiya ce ta yi aiki da ita ta sayar, mita tana nuna kilomita 240,000. Ta biyu an ɗaga ta, an sa mata manyan tayoyi, ƙarfen gaba, winci (na'ura mai igiyar ƙarfe da ke janyo mota in ta kafe), fitilu a kan rufi da bututun shan iska a gefe, mita 150,000, kuma ta fi tsada. Kana son wadda za ta kai ka gona da damina, ta ratsa rairayi da rani, ba tare da ka mai da garejin kanikawa gidanka na biyu ba.

Da kuɗina ne, farar zan fara kai wa ramin duba ƙarƙashin mota. Ba wai don ɗayar ba ta da kyau ba ne. Farar, duk bakaniken da ya san Hilux ya san yadda ya kamata kowane abu ya zauna a jikinta, in ya ga abin da ya kauce zai gane nan take. Wadda aka ɗaga kuwa tarihi biyu za ka karanta: na motar, da na hannun da ya taɓa ta. Na biyun ya fi wuyar karantawa, kuma yawanci mai hannun ba ya wurin ranar ciniki.

Mu fara da mita, tunda na ga ita ta fi jan hankalinka. Tayar da irin wannan Hilux ke fitowa da ita, misali 265/65R17, tsayinta kusan milimita 776 ne. Wadda masu ɗagawa suka fi so, 285/70R17, ta kai milimita 831. Bambancin kusan kashi 7 cikin ɗari ke nan, ita kuwa mita juyin taya take ƙirgawa. In tun farko da manyan tayoyin motar ta yi tafiyarta, 150,000 ɗin nan ya haura 160,000. Wannan ma in ba a mai da mitar baya ba, abin da yara masu kwamfuta ke yi kafin ka gama shan shayi. Ita ma farar mitarta ba ta faɗi duka ba. Motar ƙungiya takan yi awanni a tsaye a ƙauye, inji na aiki, direba na shan sanyin AC yana jiran ma'aikata su gama taro, kuma mita ba ta rubuta wannan. Don haka ka bar lamba ka dubi robar fedar birki da ta kuloci, da gefen kujerar direba, da santsin sitiyari. Motar da aka ce 150,000 amma robar fedarta ta cinye har ƙarfe ya leƙo, ko kuma aka sa mata sabuwa fil ita kaɗai, tana da abin da ba a gaya maka ba.

Inda maganar take shi ne ƙarƙashi. Kada ka yarda a duba motar a tsaye a filin dillalai. A hau da ita rami, ka sauka da kanka da tocila da ƙaramar guduma da tsumma, ko da da farar shadda ka zo.

A farar, shasi za ka bi tun daga gaba har baya. Waldar kamfani a jere take, sumul, iri ɗaya hagu da dama. In ka ga wadda ta yi tudu kamar an zuba kunu ya daskare, ko wurin da aka shafe da baƙin fenti sabo alhali kewayensa duk ƙura ce, an taɓa gyara wurin. Ka fi sa ido a tsakanin gidan direba da bodin baya, nan shasin motar ɗaukar kaya ya fi lanƙwasa in an saba yi mata lodi fiye da kima. Ka ja baya ka dubi ratar da ke tsakaninsu: in sama ta buɗe ƙasa ta matse, ko akasin haka, bayan motar ya taɓa karyewa. Ka ƙirga ganyen sifirin ɗin baya a ɓangarorin biyu. In an ƙara ganye, to motar ta yi dako, ko da an ce maka ma'aikata kawai take ɗauka.

A wadda aka ɗaga, duk wannan za ka duba, sannan ka ƙara tambaya guda: da me aka ɗaga ta? Ɗagawa iri biyu ce. Akwai wanda ya sayo cikakken saiti, sifirin da shokazoba da aka ƙera don wannan motar da wannan nauyin, ya ɗaga ta kamar inci biyu, ya kai aka daidaita ƙafafu. Wannan mota takan fi ta kamfani daɗin tafiya a hanya mai gargada. Akwai kuma wanda ya cusa zoben ƙarfe a saman shokazobar gaba, ya sa tubalin ƙarfe a baya, don dai motar ta yi kwarjini a gidan biki. Ƙafar gaban Hilux ba sandar aksil guda ba ce irin ta Land Cruiser 79. Kowace taya da nata shaf mai gaɓa, wato sandar da ke juya ta, kuma da zarar an wuce kusan inci biyu, shaf ɗin sai ya karkace fiye da yadda aka tsara masa. Robar da ke rufe gaɓar ta yage, giris ya watse, rairayi ya shiga, shi ke nan.

Na san wannan ne da aljihuna. Na taɓa sayen wata da aka ɗaga, don ta burge ni. Ko wata biyu ba a yi ba na fara jin ƙas-ƙas-ƙas duk lokacin da na karya kwana har ƙarshe. Da muka sauka rami, giris ya yi wa cikin rim fenti, zoben da aka ɗaga ta da shi kuwa wani mai walda ne ya yanko shi daga farantin ƙarfe, ramukan noti ma ba su zo daidai ba, an faɗaɗa su da wuta. Shaf biyu, boljoyin biyu, boris ɗin ƙafa, da tayoyin gaba da suka cinye ta ciki, duk ni na biya. Don haka ka sa hannu a cikin kowace tayar gaba ka shafa. In gefen ciki ya fi na waje lalacewa, ƙafar ba ta zaune daidai.

Ƙarfen gaba da winci, in ka haɗa su, nauyinsu ya kusa buhun masara, kuma a kan hancin motar yake dare da rana. Ka duba ko da noti aka ɗaura shi a mazaunin da kamfani ya tanada, ko walda aka yi masa kai tsaye a bakin shasi. In walda ce, ni a nan nake juyawa. An ƙona ƙarfen da aka ƙera don ya lanƙwashe ya shanye duka ranar hatsari, kuma babu wanda zai rantse maka cewa balan-balan ɗin kariya zai buɗe a lokacin da ya dace. Wincin ma a jawo igiyarsa duka a gani. In ta yi tsatsa a naɗe, ado ne kawai, ba a taɓa aiki da shi ba, wannan ma labari ne mai daɗi game da motar. In ta tsattsage ta murɗe, motar ta sha kafewa.

Bututun shan iska na gefe yana nufin ɗayan biyu: ko mai ita yana gudun ƙura, ko yana shiga ruwa. A kwance notin aksil ɗin gaba da na baya, a ɗiga man a yatsa. In ya fito kamar shayi mai madara, ruwa ya shiga. Ka ɗaga kafet ɗin ƙasan kujera ka nemi busasshen taɓo, ka dubi notocin da suka riƙe kujerun ko sun yi ja. Sannan abu guda da nake yi wa kowace mota, an ɗaga ta ko ba a ɗaga ba: a cire tiyon da ya tashi daga gidan matatar iska zuwa inji, ka zura yatsa ciki. Ya kamata ya fito tas. Na taɓa zura nawa a wata da ta sha wanki tana ƙyalli, ya fito da jar ƙasa kamar na taɓa bangon gidan ƙauye. Ƙurar da ta wuce matata ringin fistin take ci.

Wayarin kuwa, buɗe bonet ka dubi kan batir. Farar za ka ga wayoyi biyu ko uku. Ɗayar kana iya tarar da kitso. Kowace fitila da aka ƙara tana bukatar fis ɗinta da rile ɗinta. In an murɗa waya da waya an naɗe da baƙin salatif, an bi da ita ta jikin ƙarfe ba roba, to gobara ce ke jiran ranarta.

Kada kuma kalmar “ba a taɓa ta ba” ta ruɗe ka. A ƙasar nan da wuya ka samu motar da ba a taɓa ba, sai dai wadda taɓin bai fito fili ba. Ka tambaya ko tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, yana nan, don kanikawa da yawa cire shi suke yi da sunan maganin zafi. Ka leƙa salansa ko an fasa an kwashe abin nan mai tace hayaƙi da ake kira indomi. Ka duba rufi da dashbod ko akwai ramukan da aka toshe, alamar jiniya da rediyon oba-oba, don motar rakiyar manya ta sha gudu da birkin gaggawa fiye da motar gona. Ka tabbata kuma ba juya sitiyari aka yi ba. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, amma ana shigo da motocin da aka ƙera wa ƙasashe masu tuƙi a hagu, irin su Tailan da Ingila, a mai da sitiyarin. Za ka gane ta waldar da ke bangon da ya raba inji da cikin mota, da kuma ɓangaren da waifa ke kwanciya. In dillali ya ce maka Hilux ɗin ’yar Amurka ce, ka yi murmushi kawai: tun 1995 Tacoma ce ake sayarwa a can. In kuwa wata rana Tacoma ko Tundra aka kawo maka, gudumar nan ta yi aiki, don gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin shasi daga ciki. A 2016 sai da Toyota ta amince da sulhun kusan dala biliyan 3.4 a Amurka kan tsatsar shasin waɗannan motoci.

Inji a gwada shi da sassafe. Ka riga mai motar isa, ka ɗora hannu a kan inji ka ji da sanyi, sannan a tayar. In ka tarar an riga an ɗumama shi, ka ce gobe ka dawo. Hayaƙi mai shuɗi baƙin mai ne yake ƙonewa. Injin 2.7 ɗin nan, 2TR, sarƙa yake amfani da ita ba bel ba, kuma yana da juriya, sai dai ba shi da ƙarfin a zo a gani. Da manyan tayoyi da ƙarfen gaba zai ƙara nauyin jiki, ya ƙara shan mai, kuloci ya riƙa wahala a rairayi. Ka hau tudu da giya ta huɗu ka taka totur: in ƙarar inji ta tashi motar ba ta ƙara gudu ba, kuloci ya tafi.

   

Sai ogzilari, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja tare, wadda dominta kake sayen motar. A fita kwalta a samu ƙasa, don irin wannan fowil ba ta son kwalta. A sa H4, wato tayoyi huɗu, fitila ta kama, a sa L4, wato tayoyi huɗu a ƙaramar giya, ka ji motar tana rarrafe da ƙarfi, sannan a mayar H2, wato tayoyin baya kaɗai, ta fita ba gardama. Kafin nan ka tabbata furofelar gaba, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin gaba, tana nan. Akwai masu cire ta don ɓoye matsala, fitila tana kamawa a dashbod amma tayoyin baya ne kaɗai ke aiki. A nan farar ma tana iya ba ka kunya, don motar da ta shekara biyar ba a sa mata ogzilari ba takan ƙi shiga.

To yaushe wadda aka ɗaga za ta yi nasara? In mai ita na farko ne ke sayarwa, ya faɗa maka garejin da aka yi aikin, sunan kamfanin kayan yana jikinsu, ɗagawar ba ta wuce inci biyu ba, kuma tsofaffin kayan da aka cire suna ajiye a gida zai haɗa maka. Mutumin da ya ajiye tsohon sifirin yawanci bai wuce lokacin juyen baƙin mai ba. Ko a hakan, kada ka biya kuɗin kwalliyar kamar sabuwa. Ka yi cinikin motar a farashin irinta da ba a taɓa ba, in ya so ka ɗan ƙara don tayoyi in suna da sauran rai. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya za su gaya maka: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Ka tuna kuma ranar da shokazobar waje ta mutu a Gaidam ko Gembu, sai an aiko maka daga Kano ko Legas, ta kamfani kuwa ko a ƙaramin gari ba ka rasa ta.

Farar, ka nemi littafin sabis ɗinta da takardar gwanjon da aka sayar da ita. Ka gwada lambar shasi mai harafi da lamba 17 da ke jikin ƙarfen da wadda ke takardun kwastan, ɗaya bayan ɗaya. Bakaniken da za ka je da shi ya zama naka, kai za ka biya shi, ba wanda dillali ya kira ba. In shasinta ya fito lafiya, yatsanka ya fito tas, ogzilari ta shiga ta fita, ka saye ta, rarar kuɗin ka sa mata tayoyi masu ƙaya daidai girman nata, ka sayi famfon iska da shebur. In kun sauka ramin ka turo mana hotunan ƙarƙashin duka biyun, musamman wajen shaf ɗin gaba da bakin shasi.