Injin Bosch Performance Line CX a keken hawan duwatsu: wane mataki ne ya biya kuɗinsa?

Keken hawan duwatsu mai batir ba babur ba ne, domin ba shi da totur. Sai ka taka feda injin ya sa maka hannu, da ka daina takawa ya janye. Don haka idan ana auna irin wannan keke, girman injin ba shi ne kan gaba ba. Abin dubawa shi ne yadda injin ke karanta ƙafar mahayi da yadda yake raba ƙarfinsa a kan dutse, tsakuwa da rairayi. Injin da za mu duba shi ne Bosch Performance Line CX na ƙarni na huɗu, wanda aka sa a cikin kekuna irin su Trek Rail, Orbea Wild, Cube Stereo Hybrid da Mondraker Crafty.

Kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 2019 da ƙarfin murɗawa Nm 75 (Nm, wato newton-mita, shi ne ma'aunin murɗawa), sannan a 2020 aka ɗaga shi zuwa Nm 85 ta hanyar sabunta manhajar cikinsa kawai. Nauyinsa kilo 2.9, yana zaune ne a tsakiyar keken inda fedoji suke. A takarda ƙarfinsa wat 250 ne, kamar yadda dokar Tarayyar Turai ta tanada, amma a lokacin hawa yakan tunkuɗo har wat 600. Wanda aka yi don kasuwar Turai yana yanke tallafi da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa. Na Amurka yakan kai mil 20, wato kusan kilomita 32. Bayan nan ƙafarka ce kaɗai ke jan keke mai kilo 23 zuwa 25.

Yawancin kekunan suna zuwa da matakan tallafi huɗu, kowanne da launinsa a kan ɗan madannin da ke kusa da babban yatsan hagu. Eco kore ne, Tour+ shuɗi, eMTB ruwan hoda mai duhu, Turbo ja. Abin da ya bambanta su shi ne yawan abin da injin ke ɗorawa a kan ƙarfin ƙafarka. Eco yana ƙara kashi 60 cikin 100, Turbo yana ƙara 340. A sa ƙafarka tana ba da wat 100, ƙarfin da mutum lafiyayye ke bayarwa ba tare da haki ba. A Eco abin da ke isa sarƙa wat 160 ne, a Turbo kuwa wat 440. Sauran biyun ba su da tsayayyen adadi. Tour+ yana yawo tsakanin 60 da 340, eMTB tsakanin 140 da 340, gwargwadon yadda ka danna fedar.

Eco ba shi da dogon bayani. Aikinsa kusan ya ƙare a ɗauke maka nauyin injin da batir, sai ka ji kamar kana kan keke mara nauyi a ranar da jikinka ke da daɗi. Ya dace da miƙaƙƙiyar hanya zuwa gindin dutse, da komawa gida idan caji ya ja baya. A tudu mai tsayi da duwatsu ya yi kaɗan, keken zai riƙa tsayawa a kan kowane dutse.

Turbo shi ne wanda ke ruɗin sabon shiga. Da ka ɗan taɓa feda keken ya zabura, abin sha'awa a kan kwalta ko faffaɗan burji mai tauri. A kan ƙasa mai tsakuwa kuwa ƙarfin yana zuwa ne gaba ɗaya kafin tayar baya ta kama ƙasa, sai ta hau murzawa a wuri guda tana watsa ƙasa. Idan tudun ya miƙe sosai gaban keken ya ɗaga, a kwana mai matsi kuma ya tura ka waje kafin ka gama juya kan keken. Inda Turbo ke da amfani na gaske shi ne dogon hawa mai ƙasa mai tauri, ko ranar da mahayi ya gaji kuma batir na da sauran caji mai yawa.

eMTB ne ya biya kuɗin injin nan. An fara sa shi a 2017, kuma tunaninsa mai sauƙi ne: ka bar yatsanka ya huta, ƙafarka ta yi umarni. Ka taka a hankali a kan santsin dutse, injin ya ba da kaɗan, taya ta riƙe. Ka danna da ƙarfi don haye tudu, ya buɗe har ƙarshen abin da Turbo ke bayarwa. Na'urorin cikinsa suna auna nauyin takun, saurin juyin feda da gudun keken fiye da sau dubu a daƙiƙa, shi ya sa ba a jin tsalle tsakanin ƙarami da babba. Tashi daga tsaye a tsakiyar tudu, wanda shi ne abu mafi wuya a keke mai nauyi, a nan yake zuwa da sauƙi. Ka koma giya ta biyu ko ta uku daga mafi sauƙi, ka zauna a gaban sirdi, ka sunkuyar da ƙirji, ka kawo fedar ƙafarka mai ƙarfi ta ɗan wuce sama, ka saki birki sannan ka danna a hankali. Giya mafi sauƙi duka ba ta cika yin kyau ba a nan, tana sa taya ta kufce.

A cikin eMTB akwai abin da kamfanin ya kira Extended Boost. Idan ka buga feda da ƙarfi sau ɗaya ka tsaya, injin yana ci gaba da turawa na ɗan ƙiftawar ido. Amfaninsa yana fitowa ne a gaban dutse ko saiwar itace mai tsayi, inda cikakken juyin feda zai sa ta bugi dutsen. Rabin taku ya isa, ka daidaita fedojin biyu a kwance, injin ya ƙarasa haurar da kai. Yana da nasa tarkon. A kwana mai matsi a bakin rami, wannan ɗan turin da ba ka nema ba yana iya wuce da kai inda ka yi niyya, saboda haka yatsa ɗaya ya zauna a kan birkin baya yana ɗan jansa.

Tour+ kuma ya fi eMTB rowa. Yana farawa daga ƙasa, sai ka yi aiki sosai kafin ya buɗe hannu. Ga mai doguwar tafiya da ke son batir ya kai shi ya dawo da shi, shi ne zaɓi, amma a hawa mai duwatsu yakan ɗan makara a daidai lokacin da ake buƙatarsa.

Kuskuren da ya fi yawa ba a zaɓen mataki yake ba, a giya yake. Mutane da yawa suna barin sarƙa a kan ƙaramin haƙori na baya, su danna Turbo, su riƙa taka feda a hankali kamar mai tuƙa tuwo. Lissafi bai yarda da haka ba. Ƙarfin inji shi ne murɗawarsa a ninka da saurin juyinsa. Nm 85 a juyi 40 a minti bai wuce wat 356 ba. Sai juyin feda ya kusa 70 a minti kafin wat 600 ɗin ya samu. Ƙasa da haka injin yana jan wuta mai yawa, yana ɗaukar zafi, aikin kuma kaɗan. Tsakanin juyi 70 da 90 a minti ya fi sakewa. Wanda ya iya canza giya a eMTB zai riga mai Turbo da giya mai nauyi kaiwa sama, kuma da sauran caji.

Wannan ɗabi'ar ce kuma ke cin sarƙa da ƙananan haƙoran baya, masu haƙori 10 zuwa 13, domin ƙarfin mutum da na inji duka suna sauka ne a kan haƙora 'yan kaɗan. Ka sassauta ƙafa a duk lokacin da za ka canza giya, kuma ka canza ɗaya bayan ɗaya. Ƙarar "ƙas" mai ƙarfi a lokacin canji alama ce ta cewa an tilasta wa sarƙa, kuma a haka take tsinkewa a tsakiyar daji. A sayi ƙaramin ma'aunin sarƙa. A keke mai giya 12, idan miƙewarta ta kai kashi 0.5 cikin 100 a canza ta, in ba haka ba za ta tafi da jerin haƙoran baya gaba ɗaya, wanda ya ninka ta kuɗi sau da yawa.

Maganar nisan da batir zai kai, a kan dutse ba da kilomita ake auna shi ba, da tsayin hawa ake aunawa. Mahayi da kekensa su kai kilo 110, ɗaga su mita 1,000 yana cin aiki na kusan Wh 300 (Wh, wato wat-awa, shi ne ma'aunin wutar da batir ke ɗauka), ban da abin da taya, iska da zafin inji ke ci. A Turbo injin ne ke ɗaukar kusan kashi 77 cikin 100 na wannan aiki, a Eco kuwa ƙasa da kashi 40. Kenan tudu guda yana cin batir ninki biyu a Turbo. Batirin PowerTube mai Wh 625 yana da kusan kilo 3.5, mai Wh 750 ya haura kilo 4, kuma caja mai amfiya 4 tana cika babban cikin kusan awa shida. Ƙarin kilon nan ana jinsa a gaban keken wajen gangara, don haka wanda hawansa bai wuce awa biyu ba ƙaramin ya ishe shi.

Kekunan da ke da sabon tsarin Bosch mai suna Smart System, wanda ya fito a 2021, suna haɗuwa da manhajar eBike Flow a waya. A can ana iya gyara yawan tallafi, saurin zaburar injin, iyakar murɗawa da iyakar gudu na mataki. Gyaran da ya fi amfani shi ne rage zaburar Turbo, sai ya zama abin da za a iya hawa da shi a kan tsakuwa. Mahayi mara nauyi kuma zai ji daɗin rage murɗawar zuwa wajen Nm 60 ko 70, keken ya daina fizgarsa, sarƙa ta ƙara kwana. Akwai kuma taimakon turawa idan tudu ya gagari hawa: ka riƙe madannin ragewa, ka ɗan tura keken, sai ya riƙa tafiya da kansa da saurin tafiyar ƙafa. Saurin ya dogara da giyar da kake ciki, kuma fedoji suna juyawa, a kula da ƙwauri.

Aibinsa na farko ƙara ce. Idan ana gangara a kan duwatsu ba a taka feda, wani kwaram-kwaram yana fitowa daga cikin injin. Ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera shi, amma ga kuɗin da ake biya abin yana damun kunne. Ƙarni na biyar da ya fito a ƙarshen 2024 ya rage wannan sosai, kuma a 2025 an buɗe masa Nm 100 da wat 750. Aibi na biyu, injin a rufe yake. Mai gyaran keke na bakin hanya zai gyara maka birki, sarƙa da taya, amma binciken cikin inji da batir sai dila mai na'urar kamfanin. Kafin ka biya kuɗi ka san inda mafi kusa yake. Na uku, batir, caja da allon tsohon tsari ba sa aiki da na Smart System, ko da sunan injin ɗaya ne. Wanda zai sayi na hannu daga Turai ya tabbatar cajar da aka haɗa masa ta tsarin keken ce, ya kuma nemi takardar gwajin batir daga dila, wadda ke nuna sau nawa aka yi masa caji. Batir mai girman nan ba a shiga jirgin fasinja da shi, iyakar da ake bari Wh 160 ce, sai dai a turo shi a matsayin kaya.

Idan tallafi ya riƙa yankewa yana dawowa, kafin a zargi injin a duba maganaɗisun da ke auna gudu. A tsofaffin kekuna yana maƙale a jikin wayar tayar baya, dutse kan goce da shi, allon ya nuna lamba 503. Mayar da shi daidai layin da ke jikin na'urar da ke karanta shi yakan kawo ƙarshen matsalar. Lamba 504 kuwa tana nufin injin ya gano an sa masa na'urar satar gudu don ya wuce kilomita 25, sai ya rage tallafi, garanti kuma ya tafi. Wajen kunna keken a cire ƙafa daga feda.

Zafi abin lura ne ga duk wanda zai hau shi a Kano, Sakkwato ko Yamai a watan Afrilu. Ana cajin batirin ne tsakanin digiri 0 da 40, kuma idan ya ɗau zafi a dogon hawa yakan rage ƙarfi don kare kansa. Kada a jona shi da dawowa, a bar shi ya huce a inuwa tukuna, kada kuma a bar shi cikin mota a rana. Idan za a ajiye shi na makonni, a bar cajin tsakanin kashi 30 da 60 a ɗaki mai sanyi. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da man sarƙa ta zama kamar sanfefa, gara mai busasshe da yawan gogewa da tsumma. Injin wankin mota mai feshi da ƙarfi yana tura ruwa cikin boris ɗin injin, bokiti da soso sun wadatar. Inda tsidau da ƙayar aduwa suke kuma, taya marar tif mai ruwan toshe huda a ciki ita ce mafita, da iska psi 22 zuwa 26 gwargwadon nauyin mahayi, ta baya ta ɗan fi ta gaba tauri. Ruwan yana bushewa da wuri a lokacin zafi, a riƙa duba shi duk bayan wata biyu.