Wata bakwai motata tana kwana a filin haya kusa da Gujungu

Lungunmu ƙofa biyu ce ke buɗewa a cikinsa, tawa da ta maƙwabcina, faɗinsa kuwa daidai amalanke da shanunta. Haka iyayenmu suka bar shi lokacin da aka raba filin, zamanin da abin hawan gidajen biyu bai wuce jaki da keke ba. Yanzu ni ina da tsohuwar Golf da nake jigilar fasinja, shi kuma ya sayi a-kori-kura bayan ya sayar da riɗinsa. Wanda ya riga shiga, shi ake toshewa.

Abin ya kai ni bango ne wata Alhamis, ranar kasuwar Maigatari. Tun daren Laraba na karɓi kuɗin mutum shida, na fito daga sallar asuba na tarar da motarsa gicciye a bakin lungu. Na yi sallama, uwargidansa ta amsa daga cikin gida cewa maigidan ya tafi fadama, makullin kuma yana aljihunsa. Muka tara samari za mu tura, ashe sitiyarin a kulle yake, sai da ta goge min katangar zaure. Fasinja suka karɓi kuɗinsu suka bi wata motar. Da yamma na gaya masa maganar da har yau nake jin kunyarta, shi ma ya rama. Daga ranar kwanon tuwo ya daina ƙetare katanga tsakanin matanmu.

Mai unguwa ya zaunar da mu, ya ce lungu hanya ce, ba garejin kowa ba ne, mu riƙa yin karɓa-karɓa. Kwana tara tsarin ya yi. Daga baya ya kira ni gefe ya ce, "Malam, kai ne mai fitar asuba, ka yi haƙuri ka kai taka filin bakin titi." Na ji haushi, don me sai ni? Amma na kai.

Filin na wani dattijo ne, an kewaye gefe uku da bulo, ɗayan gefen da tsohon langa-langa. Akwai fitilar sola guda biyu, ɗaya tana kaiwa asuba, ɗayar ƙarfe biyun dare take mutuwa. Ƙaramar mota naira 300 ce a dare, a-kori-kura 500, babur 100. Ni wata-wata nake biya, ana yi min ragi zuwa 7,500. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowace naira sai direba ya juya ta kafin ya saki, amma da na lissafa asarar waccan Alhamis ɗin kaɗai, ta kusa biyan wata biyu.

Gaskiya abin da nake biya wa kuɗi Baba maigadi ne. Tsoho ne mai tocila da sanda da wani kare wanda bai cika haushi ba. Yana da littafin 'yan makaranta da yake rubuta lambar kowace mota a ciki da ajami, da lokacin shigowarta. Kafin ya rubuta sai ya zagaya motar da tocila. Ranar farko ya tsaya a ƙofar baya ya ce, "Ɗana, wannan lotsawar da ita ka zo, ka gani da idonka, kada gobe a ce a hannuna ta faru." Ya zana alama a gefen lambar. Kuma dokarsa guda ce, babu sani babu sabo: duk wanda zai ajiye mota a bayan ta wani, sai ya bar makulli. Makullan yana ɗaure su a igiyar wandonsa, kana jin ƙararsu tun kafin ka gan shi. Akwai ranar da wata mata ta manta ƙullin kuɗi da waya a kujerar baya, gilashina kuma ba ya rufuwa duka. Da safe ya miƙo min su a leda, ya ce in ƙirga a gabansa.

To amma akwai inda filin ya gaza, kuma na faɗa wa mai shi. Daren Asabar, jajibirin kasuwar Gujungu ta Lahadi, manyan motocin hatsi da na dabbobi ke cika wurin, mu masu biyan wata a tura mu can ƙurya wajen langa-langa. Hatsin da ke zuba daga buhuna ya tara ɓeraye, sun taɓa cinye min wayar fitilar gaba, na biya mai gyara daga aljihuna. A watan Agusta kuwa bakin ƙofar ya zama taɓo, sau biyu sai da aka tura ni. Tifa ɗaya ta burji za ta kashe wannan matsalar, amma kullum amsar ita ce bayan kaka. Kaka ta zo ta wuce. Babu rumfa, babu rasit, in littafin Baba ya jiƙe ban san da me za mu yi shaida ba. Ba a kuma buɗe ƙofa kafin kiran sallar farko sai da lalura, sai ka buga wa ɗan mai filin waya, shi kuwa barcinsa sai a hankali. Ga tafiyar ƙafa ta minti goma sha biyu daga gida, wadda da sanyin hunturu ba wasa ba ce.

Duk da haka, ga mai fitar sassafe irina da ke raba lungu da wani, ina ba da shawarar wurin. Wanda motarsa ke yin kwana uku ba a taɓa ta ba, ko mai sabuwar mota da ke tsoron rana da ɓera, ya nemi wani wajen.

Maƙwabcin nawa ya ci lungun shi kaɗai wata biyar, ni ina wucewa a ƙafa ina haɗiye abin da ke raina. Sai aka zare masa batir da daddare a ƙofar gidansa. Washegari na gan shi a gaban Baba ana zagaya a-kori-kurarsa da tocila. Alhamis ɗin da ta wuce na iso filin da duhu-duhu, sai ga ta nan daram a bayan Golf ɗina, kamar yadda ta saba. Ban ce komai ba. Baba ya kwance igiyar wandonsa, ya laluba makullin ya miƙo min, ya ce, "Matsar da ita da kanka, ɗana, amma ka sani birkinta sai an taka sau biyu."