Batirin Prius Ya Yi Sanyi: Canja Modul Ɗaya Ko Canja Shi Gaba Ɗaya?

Idan na'urar gwaji ta nuna lambar P0A80 a Toyota Prius ta 2004 zuwa 2015, babban batirin da ke ba motar wutar tafiya ne ya fara gazawa. Modul 28 ne a cikinsa, wato ƙananan batura da aka jera, kowanne volt 7.2, jimilla volt 201.6.

Canja modul ɗaya ya fi sauƙin kuɗi, sai dai a nan gizo ke saƙar. Kwamfutar motar tana auna su bibbiyu, kashi 14, kuma da zarar wani kashi ya bambanta da sauran sai fitilar gargaɗi ta kunnu. Modul ɗin da aka sa dole ƙarfinsa ya yi daidai da na tsofaffin, a caje su, a sauke cajin, a daidaita su. In ba haka ba, bayan 'yan watanni na kusa da shi zai biyo baya, don tare suka tsufa.

Sabon batir yana da tsada, amma ga motar da za a daɗe ana hawa, shi ne mafita.

Ko wanne aka zaɓa, a sa safar hannu ta masu aikin lantarki, a zare filogi mai launin ruwan lemo da ke katse wutar batirin, a jira minti 10. A goge koren tsatsan da ke kan farantan tagullar da ke haɗa modul da modul, a kuma share ƙurar fankar da ke sanyaya batirin.